GARANTIN BEBIYA

Shafi na 27

Ku da kuka cika min waya da ƙorafi saboda shafin jiya ya yi gajere, na gani, na kuma yafe muku. Ke kuma mai cewa in taimaka in haɗa Martina da wani bazawari a coci, 'yar'uwa, ki bar matar nan ta sha iska, ko baƙi ba ta cire ba.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Malama Martina tana koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a Samaru. Wata goma sha ɗaya ke nan da mijinta Julius, malamin lantarki, ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida bayan sun dawo daga sujada, bai sake tashi ba. Ya bar mata gida a Hayin Dogo, da 'ya ɗaya tilo mai aikin jinya a Ingila, da motar lantarki da yaran unguwa suka laƙaba wa suna Bebiya saboda ba ta ƙara ko kaɗan. Garantin shekara uku da aka sayo motar da shi yau Juma'a yake ƙarewa, ƙarfe huɗu na yamma. Sati biyu dillalin motar yana kiranta daga Sabon Gari ta zo ta ƙara wasu shekara ukun, ita kuma tana ta kwana-kwana.

* * *

Ƙarfe shida da rabi ta fito da kofin shayinta, kamar kullum. Ta yaye tamfol ɗin da ke kan motar, ta shiga mazaunin mai zaman banza, ta miƙa hannu ta danna maɓalli.

Allon gaban motar ya kawo haske. Sai muryar ta fito.

"Maman Stephanie, a ɗaura bel. Wannan ba Keke Napep ba ne."

Da 'yar dariya a ƙarshe, wadda ya so ya haɗiye amma ta ƙwace masa.

"Na ji, Malam," ta ce. "Ina kwana."

Ranar da aka kawo motar Julius ya naɗi maganar nan ya mayar da ita gaisuwar mota, don tsokana kawai, saboda Martina da bel ba sa ga maciji. Daƙiƙa shida ce cif. Ta ja bel ɗin ta ɗaura, a motar da ba za ta je ko'ina ba, ta zauna tana kurɓar shayinta. Tun da 'yan zaman makoki suka naɗe tabarminsu suka watse, babu wani mahaluƙi da ke fara yi mata magana a gidan nan sai motar.

In maƙwabta sun leƙo ta katanga sun tambaya, cewa take tana ɗumama mota. Babu wanda ya taɓa yi mata musu. Duk wanda ya taɓa riƙe mota a garin nan ya san ba a barinta ta kwana biyu ba a ɗumama ba, kuma Julius da kansa shekara ashirin ya yi yana yi wa tsohuwar Fijo ɗinsu haka.

Wayarta ta yi ƙara. Stephanie ce, kiran bidiyo, da rigar asibiti a jikinta.

"Mama, kina cikin motan nan kuma?"

"Ina ɗumama ta ne."

"Yau ne fa ranan ƙarshe. Na yi magana da Oga Nwankwo, ni zan biya komai. Ke hannu kawai za ki sa."

"Saura sati huɗu a cire baƙi, Stephanie. Me dangin babanki za su ce in an gan ni a motan shi ina yawo a gari?"

"Waɗanne dangi? Waɗanda ko flashin ba su yi miki ba tun Kirsimeti?"

Martina ta kurɓi shayinta.

"Mama, in batirin nan ya mutu babu garanti, shi ke nan an yi asaran motan. Daddy ba zai ji daɗi ba. Don Allah ki je." Ta waiga bayanta, wani yana kiranta da Turanci. "Ana nemana. Kin ci abinci jiya?"

"Na ci."

"Me kika ci?"

"Je ki, ana kiranki."

Fuskar ta ɓace daga wayar. Minti biyu ba su cika ba. Martina ba ta ga laifinta ba, aiki ne, amma ranta bai fasa sosuwa ba.

* * *

Bayan an tashi daga makaranta ta dawo gida, ta yi ta zagaye motar kamar mai cinikin akuya. Sai ƙarfe biyu ta yi ta maza ta shiga mazaunin direba.

Julius dogo ne, ita kuwa, mu faɗi gaskiya, Allah bai ba ta tsawo ba. Ƙafarta da kyar take taɓo birki. Maɓallin matso da kujera yana nan kusa da cinyarta, ta kalle shi ta kawar da kai. Ta koma ɗaki ta ɗauko filo biyu ta cusa a bayanta. Yadda ya bar kujerarsa haka za ta zauna.

Haka ta bi titi a hankali, ta wuce Palladan, ta wuce Kwangila, 'yan acaba suna zabura in sun gan ta a gefensu ba su ji zuwanta ba. Wani har da ɗaga mata hannu.

"Hajiya, a turo ki ne? Ta mutu ne?"

Ba ta kula shi ba. Ta ci gaba da tafiyarta har ta shiga Sabon Gari.

Oga Nwankwo da janareto ya fara sana'a, ya koma sola, yanzu kuma shi ne dillalin motocin lantarki. A Sabon Gari ya yi furfura, Hausarsa tana gudu amma ba ta san namiji da mace ba. Yana ganin motar ya taso da tumbinsa.

"Madam Julius! Kai, sannu da zuwa! Ya haƙuri? Adunni, zo ka duba motan Oga!"

Adunni ce injiniyar wurin, mace mai kimanin shekara talatin da biyar, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa ta fi zama a bakinta a kan Yarbanci. Ta ɗan rusuna.

"Sannu Mama. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, 'yata."

Ta ga filo biyun a kujerar direba, ta bar su yadda suke. Ta jona kwamfutarta a ƙasan sitiyari, ta tsuguna tana dannawa. Aka ba Martina kujerar roba da ruwan leda. Agogon bango ya nuna uku saura kwata.

Can sai Adunni ta ɗago.

"Mama, wa ke tuƙa motan nan?"

"Ba kowa. Yau ne ta fara fita."

"To wa ke kunna ta?"

"Me ya faru?"

"Ba komai. Na ga ne an kunna ta sau ɗari uku da ashirin da shida tun bara, kuma ko taku ɗaya ba ta yi ba sai yau. Kullum shida da rabi na safe." Ta ƙara matsar da ido kan allon. "Ranan Kirsimeti ma sau huɗu."

"Ɗumama ta nake yi."

Oga Nwankwo ya fashe da dariya har da buga tebur.

"Ɗumama! Madam, wetin you dey warm? Babu inji fa! Babu mai, babu fulogi, babu komai! Kaman mutum ya tashi da safe ya ce zai ɗumama tocila!"

Shi kaɗai yake dariyarsa. Da ya juyo ya ga fuskar Martina, dariyar ta maƙale masa a wuya. Ya ɗauki wata takarda da ba ta da alaƙa da komai ya shiga karantawa.

Kunya ce ta rufe Martina, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Wata goma sha ɗaya tana ɓoye kaɗaicinta ga Zumuntar Mata ta coci, ga Fasto, ga 'yar cikinta, kowa ya gaishe ta sai ta ce lafiya lau. Ashe motar tana nan tana rubuta komai, rana da lokaci, yau kuma ta karanto shi a gaban baƙi.

Adunni ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, ta rage murya.

"Mama, ba laifinki ba ne, ba wanda ya gaya miki. Amma bari in faɗa miki gaskiya. Batirin motan nan ba ya son zama. Kullum kina barin shi a jone, a cike fam, ga zafin garin nan. Ɗaki-ɗaki ne a cikin shi, guda biyu sun fara rauni."

"To su canza mana, tunda garanti bai ƙare ba sai anjima."

"Bai lalace yadda kamfani za su yarda su canza ba tukuna. Amma zai kai. Shekara ɗaya, wataƙila ma bai kai ba."

"In ya kai fa?"

"In kin ƙara garantin, su canza miki kyauta. In ba ki ƙara ba, kuɗin sabon batir ya kusa sayo wata motan. Ba don ina aiki a nan ba, ko uwata ce zan ce ta ƙara."

Martina ta sauke ajiyar zuciya.

"To kawo takardan in sa hannu in tafi gida."

Adunni ba ta tashi ba.

"Akwai abu ɗaya, Mama."

"Ina ji."

"Garantin da sunan Baba yake. Kamfani ba sa ƙara wa wanda ya rasu. Sai an rufe nashi, an buɗe sabo da sunanki."

"A buɗe mana."

"In an yi haka, ƙwaƙwalwan motan sai an wanke ta. Ta koma kaman ranan da ta fito daga kwali."

"Ban gane a wanke ba."

"Duk abin da ya ajiye a ciki zai tafi. Waƙoƙin shi, wuraren da ya je, yadda ya saita kujera." Ta ɗan dakata. "Da gaisuwan nan da na ji ɗazu da na kunna."

Ledar ruwan ta suɓuce daga hannun Martina ta faɗi ƙasa.

"Muryan shi?"

"Eh, Mama."

"Ki cire ta ki ajiye, in kin gama wankin ki mayar."

"A kulle take da sunan shi. Ba ta fita. Na taɓa gwadawa da motan wani, bai yiwu ba." Adunni ta yi saurin ƙarawa, "Amma ga dabara. Ki kunna motan yanzu, ki naɗa da wayanki. Kin ga kina da ita har abada."

"Na naɗa tun tuni."

"To ai shi ke nan!"

"Ba shi ke nan ba ne, 'yata." Martina ta girgiza kai. "Ina da bidiyon shi a waya sun fi hamsin. Bikin Stephanie, ranan girbi a coci, duk suna nan. Amma a waya ni nake neman shi. Ni nake dannawa, ni nake roƙon shi ya yi magana. A motan nan kuwa ina zama shi yake fara yi mini magana. Kin san yadda gida yake in ba mai kiran sunanki daga safe har safe?"

Adunni ta sunkuyar da kai.

"Kina da aure?"

"Ina da shi, Mama."

"To Allah ya bar ku tare. Kar ki san wannan abin."

A waje wani mai rake yana ta faman kiran ciniki.

"Mama, amma ki duba," in ji Adunni a hankali. "In ba ki sa hannu ba, ranan da batirin ya tafi, motan za ta zama ta ajiye a tsakar gida. Muryan ma ba daɗewa za ta yi ba. Ki rasa shi, ki rasa motan."

"Na ji. Amma wancan ranan ba ni na zaɓe ta ba. Wannan kuwa da hannuna kike so in yi."

Ta miƙe ta saɓa jakarta.

"Cire wayoyinki daga motan mijina. Ban saya ba."

Uku da minti goma. Oga Nwankwo ya taso ya tare ƙofa da tumbinsa, yana murza hannu.

"Madam, abeg. Zauna tukuna."

"Oga, ba ni hanya."

"Ba haka muka yi da Oga Julius ba!"

Ta tsaya cak.

"Kuka yi me?"

Nan take ya gane bakinsa ya yi masa sauri. Ya kalli Adunni, ita kuma ta kalli silin.

"Babu, kawai dai... irin maganan maza."

"Oga Nwankwo, shekarana ashirin da shida ina koyar da yara. Ina gane mai ƙarya tun kafin ya buɗe baki. Me kuka yi da mijina?"

Ya ja kujera ya zauna daɓas, ya share gumi da hankici.

"Ya zo nan. Kaman wata biyu kafin abin ya faru. Na ce Oga, kamfani ya yi ragi, ka ƙara garanti tun yanzu. Sai ya yi dariya."

"Sai ya ce me?"

"Madam..."

"Sai ya ce me!"

"Ya ce, Nwankwo, ni kaina likita bai ba ni garantin shekara ɗaya ba, kana mini maganan shekara uku."

Martina ta dafa bango.

"Wane likita? Julius ko Panadol ba ya sha."

"Ni ma na ɗauka wasa ne. Sai ya tambaye ni, in mai mota ya mutu, matan shi zai iya ci gaba da garanti? Na ce zai iya, sai dai a canza suna. Ya ce to, in lokaci ya yi ka kira Martina. In bai ɗauka ba ka sake kira, yana da taurin kai. Ya ce kar in bari a bar shi da mota mara lafiya." Ya buɗe hannuwa. "Shi ya sa nake damunka da waya, Madam. Ba don ciniki ba. Alkawari na ɗauka."

"Ƙarya kake yi."

"I swear to God."

"Ƙarya ne! Mijina lafiyan shi ƙalau ya je coci, ya yi waƙa a kwaya, ya dawo ya ce in zuba mishi tuwo!"

Ta juya kan Adunni.

"Kin ce motan nan tana rubuta duk inda ta je?"

"Mama, ki bar wannan."

"Buɗe min."

"Mama, don Allah."

"Motan wa ce? Buɗe min ranakun Alhamis."

Duk ranar Alhamis Julius ba shi da aji. Sai ya ce zai leƙa kasuwar Giwa, kayan miya sun fi araha a can. Ya fita da hantsi, ya dawo da yamma da albasa da tattasai, ta yi ta yi masa tsiya wai malamin lantarki ya koma ɗan cefane.

Adunni ta juyo mata da kwamfutar ba da son ranta ba. Ta ɗora yatsa a kan layin farko.

"Daga Hayin Dogo zuwa Shika. Ta tsaya awa huɗu."

"Na gaba."

"Shika. Awa biyar."

"Na gaba."

"Shika."

"A ina a Shika?"

"Wurin ajiye motoci na asibiti."

"Giwa fa?"

Adunni ta yi ƙasa ta yi sama da allon.

"Babu Giwa, Mama. Wata bakwai a jere, ko sau ɗaya ba ta wuce Shika ba. A hanyan dawowa takan tsaya minti goma a bakin titi."

Wurin masu albasa ke nan. Martina ta san wurin, ta sha wucewa ta gabansu.

Ta zauna a hankali. Hawaye bai zo ba. Abin da ya zo mata ita kanta bai taɓa zo mata a rai ba, wato fushi, mai zafi.

Wata bakwai! Wata bakwai yana zama shi kaɗai a bencin asibiti, ita tana gida tana jiran albasa. Suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin tuwo kwano ɗaya, suna riƙe hannu su yi addu'ar safe. Ya iya buɗe baki ya gaya wa mai sayar da janareto, amma ita da ta yi shekara talatin da ɗaya tana wanke masa kaya bai ga ta isa ta sani ba.

"Wata bakwai yana da shi," ta ce, ba da kowa take ba. "Da ya zaunar da ni. Da na raka shi. Da na tambaye shi abubuwan da nake ta tambayan bango yanzu."

"Ba ya so hankalinka ya tashi ne, Madam."

"Yi mini shiru, Oga! Yanzu kwance yake?"

Oga Nwankwo ya kama bakinsa.

"Ya san zai tafi. Ya tuna da batir. Ya tuna da garanti. Ya zo har Sabon Gari ya bar wa mota wasiyya." Ta yi wata dariya marar daɗin ji. "Ni kuma me ya bar mini? A ɗaura bel. Daƙiƙa shida. Ni kuma sakarya ina tashi kullum ina ce wa ƙarfe ina kwana."

Ta miƙa hannu.

"Ba ni biro."

"Mama, ki ɗan huce tukuna," in ji Adunni. "Ba a irin wannan cikin fushi."

"Ƙarfe nawa?"

"Huɗu saura ashirin da biyar."

"To yaushe zan huce? Ba garantin yake so ba? A ba shi garantin shi."

Ta sa hannu a wuri uku, da ƙarfin da biron ya kusa huda takardar. Oga Nwankwo ya karɓa ya shige ofis da sauri don ya tura kafin a rufe, ko kuma don ya tsere wa idonta, Allah masani.

Adunni ta shiga motar ta yi 'yan danne-danne, ta fito.

"Na saita komai. Saura a danna jan wurin nan a allo, shi ke nan."

"Ni zan danna."

"Mama, bari in yi miki."

"Na ce ni zan danna. Ni kaɗai."

"To. Amma ki sani, in ta fara, ƙofa da gilas da hon duk ba za su amsa ba sai ta gama. Kaman minti biyar. Kar ki tsorata."

"Ba komai."

"Kina so ki kunna ta ki ji shi sau ɗaya kafin nan?"

Zuciyar Martina ta ce eh. Bakinta ya riga ta.

"Na ji ya ishe ni."

Ta shiga ta ja ƙofa. Ƙarar kasuwa da ta janareton maƙwabta suka ɗauke ɗif, don Bebiya in ta rufe ko ihun waje ba ta bari ya shigo. Adunni, 'yar mutunci, ta taka zuwa bakin get ta juya wa motar baya, don kada ta ga kukan babbar mace.

Martina ta kalli jan wurin. Jakarta da wayarta suna can kan kujerar roba. Ba kowa sai ita.

"Ka kyauta, Julius," ta ce.

Ta danna.

Makullan ƙofa suka yi ƙas. Wani siririn layi ya fito a allon ya fara cika daga hagu, a ƙarƙashinsa kuma sunayen abubuwan da ake gogewa suka jeru, suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya daga sama.

Saitin kujera. Ya ɓace.

Waƙoƙi. Suka ɓace.

Wuraren da aka je. Suka fara tafiya.

Ta bi jerin da ido zuwa ƙasa, tana neman abin da ta san yana can, don ta yi masa kallon ƙarshe. Ga shi kuwa. Saƙon murya na ɗaya, gaisuwa, daƙiƙa shida.

Sai ta ga akwai wani layi a ƙarƙashinsa.

Ta matso da fuskarta.

Saƙon murya na biyu. Minti goma sha ɗaya da daƙiƙa arba'in. An naɗa ranar Alhamis, kwana uku kafin ya faɗi. Ba a taɓa saurara ba.

A gefe, inda ake sa suna, ya rubuta da manyan baƙaƙe: TINA, KI YAFE MINI, KI JI WANNAN.

Tina. Tun suna saurayi da budurwa rabon da ya kira ta haka.

"Yesu!"

Ta kai yatsa ta danna saƙon. Allon bai amsa ba. Ta sake dannawa, ta danna ko'ina, ta danna maɓallin kashe motar. Layin nan bai fasa tafiya ba, ya wuce rabi.

Ta ja marfin ƙofa. A kulle.

Ta danna hon da hannu biyu. Shiru.

"Adunni!"

Ta shiga dukan gilas da tafin hannu.

"Adunni! Tsayar da ita! 'Yata, juyo! Don girman Allah ki juyo!"

Adunni tana can bakin get, hannu a harɗe, ta ba motar baya, tana kallon titi.

A allon, saƙo na ɗaya ya ɓace.